Kwanon Kellu

Kowace shekara idan azuminmu na Kirista ya ƙarato, wanda a Zinder muke kira karem, Inna takan zaɓi abu uku ta bar wa Allah har kwana arba'in su cika: nama, goro da shayi. A shekarar da nake ba da labarinta kuwa, shekara ta biyu da ruwan sama ya juya wa Damagaram baya, fari ya riga ta. Nama rabonmu da shi tun Nowel, wato Kirsimeti, goro ya zama sai wane da wane, shayi kuma ko ƙamshinsa babu a gidan. Na ce mata, "Inna, bana kin huta, an yi miki azumin tun ba ki ɗaura niyya ba." Ta harare ni, ta ce abin da aka ƙwace maka ba kai ka bayar ba. Haka ta yini tana neman abin da za ta bari, ta rasa.

Sunanta Shatu, 'yar Hamdara ce. Tana yarinya wani gyambo ya kama ta a ƙafa, aka kawo ta wurin maser, matan misiyon masu ba da magani. Gyambon ya warke, ita kuwa ba ta koma ba. Nan ta girma, aka yi mata baftisma, ta auri Baba, Ado direban kamyo, babbar motar kaya. Ni ce babbar 'yarta, Gambo, domin tagwaye na biyo, waɗanda ba su zauna ba. Lokacin shekarata sha tara, daka da girki duk a hannuna suke, ƙannena maza biyu suna lakwal, makarantar boko. Baba kuwa ba na ganinsa sai an dace, yana jan hatsin agaji zuwa Tanut da Agadas. Mutum ne da zai kwana a kan buhu ɗari ya dawo gida da aljihu a kaɗe, abin da Inna ke alfahari da shi ni kuma yake ba ni haushi.

Gidanmu a unguwar Kara-Kara yake, mu kaɗai ne Kirista a layin. Inna da kiran sallar asuba take tashi, takan ce ladan agogonta ne da ba ta taɓa saya ba. Ta durƙusa a tabarma gaban ɗan gicciyen kaba da ta saƙa da hannunta, ta ja carbinta, ta yi shara, mu ɗauki tuluna mu tafi layin famfo. Idan rana ta take ta zauna a inuwar ɗaki tana saƙar faifai tana rera waƙoƙin majami'a da muryar da ba ta taɓa bin kowa daidai ba. Amma duk wannan aiki ne. Abin da take so tsakani da Allah tantabarunta ne.

Tsofaffin tukwane ne jere a kan katanga, kowace da bakinta a gefe, kowace da masu ita. Asalinsu biyu ne. Uwar Inna ba ta taɓa tako garin nan ba tun da 'yarta ta zama Kirista, ba ta kuma taɓa aiko da ko gaisuwa ba, sai ranar sunana aka ga wani mai jaki daga Hamdara ya ajiye kwando a ƙofar gida, tantabaru biyu a ciki. Babu saƙon baki. Inna ta ɗauki wannan a matsayin duk maganar da za a yi, tsohuwar kuma ta rasu ba su ƙara komai a kai ba. Tun daga nan ba a yanka, ba a sayarwa, ko ƙwai ba a taɓawa. Manyan duk da sunayensu. In ta fito da ƙwaryar ruwa ta yi musu ƙur-ƙur, sai su sauko mata a kafaɗa da ka. A wannan fari su kaɗai ne masu ƙiba a Kara-Kara, domin sun gano mangazar da ake sauke hatsin agaji, su yini suna tsintar abin da ya zube. Sun fi mai unguwa sanin ranar da kamyo zai zo.

Maƙwabtanmu na bayan katanga baƙi ne. Mala Modu da matarsa Kellu, Barebari daga Gidimuni, sun zo da kaka, kakar da ba a girbe komai ba, da yara maza biyu da tsohon ciki. Zuwansu ya yi daidai da kamawar watan azumin Musulmi. Katangar da ke tsakaninmu ta zube a gefe ɗaya har ta dawo daidai ƙirji, ta nan Inna ta ga mace mai ciki tana jiran magariba da ruwa zalla a gabanta. Daga ranar har aka ga wata, kullum sai ta dama kunu ta miƙa ta katanga. A lokacin akwai sauran gero a gidanmu. Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni Kellu ta haifi mace, aka sa mata Fanta. Mala Modu ya samu dako a mangaza, rayuwa ta ci gaba da rarrafe.

Ranar Larabar toka, wato ranar da karem ke kamawa, mun dawo daga majami'a da alamar toka a goshi. Kellu tana shanya a bakin katanga, ta miƙo gefen mayafinta.

"Ya Shatu, matso in goge miki, kin shafo murhu."

Inna ta kauce tana dariya, ta ce ba murhu ba ne, alama ce, yau muka shiga azuminmu.

"Ashe ku ma kuna azumi. Kwana nawa?"

"Arba'in."

Kellu ta riƙe haɓa. "A wannan zafi. Allah ya ba da lada."

Ba wanda ya sake tuna maganar sai da ladan ya kira magariba. Aka ƙwanƙwasa ludayi a katanga. Na je, sai ga hannun Kellu riƙe da kwanon samira rufe da faifai. "A ba Ya Shatu ta buɗe baki," in ji ta, ta juya kafin in ce uffan.

Kunun tsamiya ne, na gero na ainihi, ba jar dawar agaji da muke tuƙa tuwo da ita mai maƙaƙi a wuya ba. Ni dariya ce ta kama ni har na kusa zubar da shi. Azuminmu ba irin nasu ba ne. Rage ci ne da barin abin marmari, ba wanda ya hana mu ruwa, ba sahur ba buɗa-baki. A ranar ma Inna ta ci ɗan tuwonta da azahar. Na ce bari in leƙa in yi wa baiwar Allah bayani. Inna ta ce in zauna, ba a mayar da hannun kyauta. Ta sha, ta ba yara sauran, ta wanke kwanon ta zuba ɗan gishiri da daddawa a ciki, domin kwano ba ya komawa wofi.

Washegari da rana na ga Inna ta ɗebi ruwa a randa, ta kai moɗa baki, ta tsaya. Ta dubi katanga, ta mayar da ruwan cikin randa.

"Me ya faru?" na ce.

"Matar nan don mai azumi take dama kunu. In na sha da ruwan rana a cikina, haƙƙinta na ci." Ta rataye moɗar. "Tun shekaranjiya nake neman abin da zan bar wa Allah, ashe yana cikin randa."

Daga ranar Inna ta shiga azumi irin na maƙwabta, daga asuba zuwa faɗuwar rana, bazara kuwa tana ƙara buɗe ido, duwatsun garin suna huci tun hantsi. Ba ta fasa layin famfo ba, ba ta fasa saƙa ba, waƙa ce kawai ta ragu. Ni dai na ci gaba da shan ruwana, amma a ɗaki, kamar ɓarauniya a gidan ubana. Labari ya kai kunnen limaminmu, wanda kowa ke kira Mumper. Bayan sujadar Lahadi ya tare ta ya ce, "Madam Shatu, ikilisiya ba ta ɗora miki wannan nauyi ba." Ta ce, "Na sani, Mumper. Maƙwabciya ce ta ɗora mini." Ya ƙyale ta, don ya san ta.

Aka yi mako biyu ko fiye a haka. Wata magariba na karɓo kwano, Inna ta yi addu'a, ta ɗebi ludayi ɗaya ta kai baki. Ba ta ɗebi na biyu ba. Ta miƙo mini ta ce in ɗanɗana.

"Kanwa ce," na ce. "Tsamiya ta ƙare musu ke nan."

"Ba tsamiya ce ta ƙare ba. Wa ake dama wa kunun kanwa?"

Ko ni da ban haihu ba na sani. Mai shayarwa ake dama wa, don nono ya kawo. Ɗan geron da suka samu suka tanada ya ƙare, wanda ya rage shi ne ɗan awon da Mala Modu ke sayowa da guminsa don matarsa ta samu abin ba jaririya. Shi ne yake tsallako katanga kullum. Sai a lokacin na haɗa abubuwan da na yi kwanaki ina gani. Zanen Kellu ya fara zagaye ta har ya yi saura. Kukan Fanta, wanda da yake hana ƙannena barcin rana, ya koma siriri, ta fara ta gaji ta bari. Inna ta rufe kwanon, ta zauna da shi a cinya har aka kira isha'i.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe ta yafa mayafi ta zagaya gidansu, na bi ta. Kellu tana zaune a bakin ɗaki da yarinya a ƙirji, yarinyar tana ja tana saki. Bayan gaisuwa Inna ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa azuminmu ba ya bukatar buɗa-baki, cewa an yarda mu sha ruwa, cewa kunun nan Fanta ta fi ta bukatarsa. Kellu ta saurara har ƙarshe tana murmushi.

"Ya Shatu, a watan azumi ni ma na ce miki ki bari, kin bari?"

"Wancan daban."

"In an yarda ku sha ruwa, me ya busar miki da leɓe haka?"

Inna dai ita ta ɗaure kanta da igiyarta. Ta sake gwadawa ta wata hanya, ta ce to a rage, a riƙa aiko da rabi. Nan murmushin Kellu ya ɗauke.

"Ko kunun ne bai yi miki ba?"

"Haba Kellu."

"Tun da muka zo garin nan ba mu ake yi. Mu yi layi a ba mu, mu nuna tike a ba mu, mu ce mun gode. A Gidimuni baƙo bai taɓa fita gidana bai sha fura ba. Kwanon nan shi kaɗai ya rage da nake miƙa wa wani. Shi ma karɓewa za ki yi?"

Muka dawo gida. Da magariba kwano ya zo, cike fiye da na jiya.

Na kawo shawarwari, duk Inna ta watsar. Na ce mu ce mata azumi ya ƙare. Ta ce ba za ta yi ƙarya a cikin karem ba, a wajensa ma ba ta saba ba. Na ce mu mayar da kunun yadda ya zo. Ta ce gara ta je ta mare ta a gaban mijinta. Muka gwada cika kwanon da tuwo in za a mayar, ba a jima ba muka ji 'yan mazan Kellu biyu suna kokawa a kansa, uwarsu tana raba musu. Uwa ce, duk abin da ya shiga gidan ta bayanta zai bi ya wuce. An gudu ba a tsira ba.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, na ga Inna tsaye gaban tukwane hannu a ƙugu. Ta daɗe a wurin. Sannan ta sa hannu a wata tukunya ta fito da ɗan shila, ƙosasshe, gashinsa bai gama fitowa ba. Ta nufi inda katanga ta zube, ta yi sallama da Mala Modu wanda dawowarsa ke nan daga mangaza.

"Mala, a taimaka mini da wuƙa."

Ya dubi tsuntsun, ya dube ta. Ya san, kamar yadda duk layin ya sani, cewa ba a yanka tantabarun Shatu. Ya kuma san dalilin da zai sa Kirista ta nemi Musulmi ya yi mata yanka. Bai tambayi komai ba. Ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla ya yanka, ya miƙo mata.

Ita ta fige, ita ta dafa, ba ta bar ni na taɓa ba. Romo ne da daddawa da citta da masoro, ƙamshinsa ya sa ƙannena suka kasa zama wuri ɗaya. Da aka ƙwanƙwasa ludayi a katanga na miƙe, ta ce in koma in zauna.

"Kellu," ta ɗaga murya, "zagayo da shi. Na gaji da shan kunu ni kaɗai kamar mayya."

Kellu ta zagayo da goyonta. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta yi addu'arta, ta sha ludayi ɗaya ta miƙa mata. Wanda aka miƙa wa ludayi a kwano ɗaya ba ya cewa a'a. Suka yi ta musayarsa, ni kuwa ina gefe ina ganin yadda na Inna ke zuwa da ɗan abin da zai jiƙa harshe, na Kellu kuma ita Innar ke cika mata shi har baki. Da kwano ya ƙare, ta jawo langar romo ta buɗe.

"Bisimilla."

"Ke fa?"

"Ni na yi wa Allah alkawari, ba ni ba nama sai ranar Faska, ranar sallarmu."

"To a ba Gambo."

"Gambo ma tana karem."

A nan na fara jin cewa ni ma na bar nama bana. Na haɗiye yawu na ce haka ne.

"An riga an yanka," in ji Inna. "Mai gidanki ne ya yanka, in kina shakka ki tambaye shi. Kai da ƙafafu na yara ne, naki da nawa, na ware musu. Wannan in ba ki ci ba ya zama ɓarna, alhakin kuma ba a kaina ba."

Kellu ta ci, a hankali, kanta a ƙasa. Ta shanye romon.

Haka abin ya zama kullum. La'asar Inna ta miƙa tsuntsu ta katanga, magariba Kellu ta zagayo da kwanonta, ita a ganinta ta kawo wa mai azumi buɗa-baki. Su sha, su yi hira, Kellu ta ba da labarin tafkin garinsu da dabinon bakinsa, Inna ta koya mata wata saƙar faifai mai zanen ƙafar kaza. Ba a yi kwana goma ba Fanta ta dawo da muryarta, ƙanena ya ce da ma an bar ta yadda take. Inna ta ranƙwashe shi, amma tana dariya.

'Yan shila suka ƙare. Aka shiga matasa, su ma suka ƙare. Aka zo kan masu suna. Ranar da aka yanka Mai Wuya na lura Inna ta daina kiran kowa da sunansa, sai dai ta ce wancan, ko na tukunyar ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsuntsayen sun gane. Ta fito da ƙwaryar ruwa ta yi ƙur-ƙur, su tashi gaba ɗaya su koma kan ɗakin maƙwabta suna kallonta. Sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta shige ɗaki don su sauko su sha. Kamu kuwa sai da sassafe, tun suna cikin tukwane, ta kife wanda ta kama a ƙarƙashin kwando.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Kellu da taurin kanta, na ji haushin Inna da nata, na ji haushin sama da ta ƙi ko haɗa gira. Na ce, "Inna, abin da kakata ta bar miki ke nan fa." Ta ce, "Na san wanda ya bar mini." Ta ci gaba da fige.

Baba ya iso ana gobe Lahadin ganyen dabino, ya tarar da ita tana saƙa ƙananan gicciye na kaba da za a raba a majami'a. Ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya bi tukwane da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ciwo ne ya shiga cikinsu?" Na ba shi labari a taƙaice. Ya daɗe yana shafa gemu. "Shekara nawa ina roƙon ƙwai ɗaya," ya ce, ya tashi ya je ya gaida Mala Modu. Ranar Talata aka sake tura shi arewa.

Ranar Babbar Juma'a, saura kwana biyu Faska, biyu suka rage: Goggo, tsohuwa mai ruwan toka, da mijinta Sarkin Yawo. Inna ta kama namijin tun da safe. Saboda za mu majami'a da rana, ta kai shi katanga da hantsi, ranar Mala Modu yana gida saboda masallaci. Ya karɓa kamar kullum, amma bai ɗauko wuƙa ba. Ya miƙa wuya ya dubi jerin tukwanen.

"Saura nawa, Ya Shatu?"

"Shi da matarsa. Yau da gobe ke nan, sun isa."

Ya juya tsuntsun a hannunsa, ya gyara masa fiffike da babban yatsa.

"Ni manomi ne," ya ce. "Bara da yunwa ta matsa mana, na buɗe tukunyar iri muka ci. Ya yi mana daɗi na 'yan kwanaki. Da aka yi ɗan yayyafi kowa ya fita shuka, ni ina tsaye a bakin gona hannu biyu. Shi ya sa kika gan ni a nan ina dakon buhun wani. Duk wanda kika miƙo na yanka, ban ce komai ba, Allah ya saka. Amma wuƙata ba ta yanka iri."

"Yarinyar fa, Mala?"

"Zan yi magana da uwarta."

"Kada ka yi. Za ta ji kunya."

"Ta ji," ya ce. Ya buɗe hannunsa.

Sarkin Yawo ya yi fir, ya zagaya gidan sau ɗaya, ya sauka a bakin tukunyarsa. Ya riga Inna komawa.

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci kamar ranar ba. Muka tafi majami'a cikin tsakar rana, aka bi hanyar gicciye ana durƙusawa ana tashi, ita da ba ta sa ko ɗigon ruwa a baki ba. A hanyar dawowa ta ce mini, "In ya gaya mata, ba za ta sake shigowa gidana ba. Za ta ce na mayar da ita abin tausayi. Kunun kuma ko ta ci gaba da aikowa don zuciya, ko ta raba wa yara." Na ce watakila ba haka ba. Ta ce in yi shiru, ban san Kellu ba.

Ta shimfiɗa tabarma tun rana ba ta faɗi ba. Babu langa yau, babu ƙamshi. Ladan ya kira magariba, ba a ƙwanƙwasa katanga ba, ba a yi sallama ba. Muka ji an idar da salla a masallacin layi, maza suna dawowa suna tari. Na kawo mata moɗar ruwa, ta ture da bayan hannu. Idonta na kan ƙofa.

Sai can muka ji sallama ƙasa-ƙasa. Kellu ce, da goyo a baya da kwanon samira rufe da faifan da ta saƙa da kanta, mai zanen ƙafar kaza, a karkace. Ba ta dubi tukwane ba. Ta durƙusa ta ajiye kwanon gaban Inna, ta koma gefen tabarma ta zauna.

Inna ta ɗaga faifan. Babu komai a ciki, sai sawun yatsa inda aka suɗe gefe.

"Na shanye," in ji Kellu, idonta a ƙasa. "Duka, ban rage wa kowa ba. Gobe ma ni zan sha, jibi ma haka." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Ki bar biyun nan, Ya Shatu. Na saba da jin kukansu da asuba."

Inna ta daɗe tana kallon cikin kwanon. Sannan ta mayar da faifan ta rufe shi a hankali, kamar akwai abin da zai huce.

"Gambo, ba ni ruwan nan."

Ta yi alamar gicciye, ta sha rabi, ta miƙa wa Kellu sauran. Sai ta miƙa hannu biyu. Kellu ta kwance goyo ta ba ta. Inna ta ɗaga Fanta sama ta sauke, ta sake ɗagawa, yadda ake gwada ƙwaryar hatsi a kasuwa.

"Yarinyar nan ta yi nauyi," ta ce.